Ɗakin Sarkin Jamus a Morrisania

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Habu a nan New York, amma har yau in na bi ta unguwar Morrisania da tasina, akwai ƙofar da nake kau da kai daga kallonta.

Kafin ya zo Amurka, Yaya ya yi karatu a Jamus, inda aka sauke shi da sauran ɗalibai a wata tsohuwar fada ta dutse a kan tsauni. Ba ya gajiya da labarinta, har muka laƙaba masa Sarkin Jamus. Wai don yaƙi aka gina ta, daga baya ta zama kurkuku, ta zama rumbun hatsi, a ƙarshe ta koma masaukin ɗalibai baƙi. A bangon ɗakinsa akwai zoben ƙarfe da ake ɗaure fursunoni a da, shi kuwa nan yake rataye rigar sanyinsa. Abin da ya fi burge shi, gidan da aka gina don korar baƙo ya dawo yana shimfiɗa wa baƙo katifa.

Da wannan tunanin ya tara mu Hausawan da ke nan a ƙarshen shekarun tamanin, muka kama wani ɗaki a ƙasan bene. Duk Bahaushen da ya sauka a filin jirgin JFK bai san kowa ba, ɗan Kano ne, ɗan Maraɗi ko ɗan zangon Kumasi, nan muke kai shi. Hoton fadar yana manne a saman ƙofa.

Yaya yana kwance a asibiti ya riƙe hannun amininsa Alhaji Ɗanlami, ya ba shi amanar ɗakin. A gabana aka yi. Ba a shekara ba, Alhaji ya kwashe katifun, ya mayar da wurin siton jakunkuna da agoguna. Da na tare shi, ko kunyar idona bai ji ba.

"Haba ƙanena," ya ce, "ba marigayi da bakinsa yake cewa gini yana sauya aiki ba? Nan fa Amurka ce."

Kwashe katifun bai ƙona mini rai kamar wannan maganar ba. Labarin da Yaya ya fi so, shi ya mayar hujjar cin amanarsa, kuma har yau ban yafe ba.

Da Yaya zai leƙo yau ya ga kwaɗo a ƙofar, na san ba zai yi faɗa ba. Tambaya kawai zai yi, ina baƙin suke kwana?

Ɗakin ya tafi, sunan ne ya ƙi tafiya. Makon jiya na ɗauko wani mutumin Damagaram daga JFK, ya ce tun daga gida aka gaya masa ya nemi ɗakin Sarkin Jamus. Na kai shi falona, inda hoton yake yanzu. Ya duba shi, ya tambaye ni ko ni ne Sarkin.

Na ce, "Allah ya yi masa rasuwa. Ni ƙaninsa ne, ajiye jakarka."