Faifan da Babu Ganga a Ciki

Duk wanda ya saba hawa tasi daga unguwar Mawlai zuwa tsakiyar birnin Shillong ya san motar Bah Kyrshan, ko da bai san sunansa ba. A garin nan Bah kamar Malam ne, mace kuma Kong ake ce mata. Ita ce wadda fatar sitiyarinta ta ƙoƙe a wuri biyu, dama da hagu, saboda yatsun mai ita ba sa zama lafiya. Da zarar an shiga cunkoso, kuma cunkoson garin nan ba ya ƙarewa, sai ya hau bugun sitiyari, ƙafarsa ta hagu na amsawa a ƙasa. Fasinja huɗu a baya, biyu a gaba a matse, kowa ya saba, har wasu na gyaɗa kai.

Ran Asabar kuwa ba a ganin motar a hanya. Ita ce ranar da direbobi ke samu, amma shi tun yana saurayi ya ware ta wa ganga. Su huɗu ne suka kafa ƙungiyar kiɗan rok suna 'yan makaranta, suka raɗa mata suna Aradu: shi a kan ganguna, wasu 'yan'uwa biyu da jita, sai Dapbor mai waƙa. Ba su taɓa yin sunan da ya wuce duwatsun nan ba. Sun dai yi bukukuwan aure da na makarantu, sun taɓa hawa dandalin filin Polo har matasa suka karya shinge, labarin da Bah Kyrshan ke bayarwa ko ba a tambaye shi ba. Mutum ne da ya yarda cewa kiɗan da bai sa haƙarƙari rawa ba, ba kiɗa ba ne.

Da ya yi aure ya tare a gidan matarsa kamar kowane namiji a nan. Matar, Kong Phida, ita ce auta, don haka a al'adar garin gidan uwarta nata ne, har da ɗakin ƙasa inda ake ajiye dankali. Wannan ɗakin ya roƙa, aka ba shi aro, ya jera gangunansa. Aron ya kai har 'ya'yansu suka gama sakandare. Kowace Asabar Kong Phida takan cusa auduga a kunne, ta dafa wa 'yan ƙungiyar shinkafa da nama, ta tuna masa cewa dankalinta na ruɓewa a baranda.

Bara ne Dapbor ya fitar da faifai shi kaɗai. Bai yi faɗa da kowa ba, bai kuma yi shawara da kowa ba. Waƙoƙin Aradu da Turanci suke, ana yin su da ihu. Na faifan kuwa da Khasi, harshen mutanen garin, ya yi su, a hankali, da jitar katako guda, wani wurin ma murya ce tsura. Akwai ta hayaƙin madafar uwarsa, akwai ta wani mutum da ke jiran ruwa ya ɗauke don ya tafi gida, alhali ba ya son ya ɗauke. Ganga kuwa ko ɗaya babu.

Bah Kyrshan ya saurari rabin waƙar farko ya kashe.

"Wannan ai lallashin jariri ne," ya ce wa matarsa. "A ba shi wata ɗaya, zai dawo da kansa."

Garin bai nemi ra'ayinsa ba. Masu jinya da suka taso daga aiki, matan kasuwar Iewduh, 'yan kwaleji, tsofaffin da ba su taɓa leƙa wasan Aradu ba, duk suka kama faifan. A shagunan shayi mutane kan rage murya in an sa shi. Abin da ya fi ci wa Bah Kyrshan rai shi ne ranar da ya tarar da Kong Phida, mai audugar kunne, tana wanki tana rera waƙar hayaƙin nan, har da share ido da bayan hannu. A motarsa dai ya hana. Wanda ya nemi a sa, sai ya ce rediyon ta lalace.

Dapbor ya fara tsallake Asabar. Yau mura, gobe hira a gidan rediyo. Da mai waƙa ya daina zuwa, masu jita ma suka janye. Bah Kyrshan bai fasa ba. Yakan sauka ɗakin ƙasa, ya goge ganguna, ya kafa sandar makirfo a tsakiya, ya zauna. Abu ɗaya yake son sani, ko Aradu na nan ko ta mutu, kuma girman kai ya hana shi ɗaga waya ya tambaya.

Wata Juma'a da la'asar, ana ruwa, ya tsaya ɗibar fasinja a bakin kasuwa. Baya ya cika da mata da kwandunansu. Wani mai lema ya buɗe gaba ya shigo, sai da ya zauna suka ga juna. Dapbor ne. Kafin ya yi tunanin fita, wani ƙaton mahauci ya shigo ya tura shi tsakiya, sandar giya ta koma tsakanin gwiwoyinsa.

"Buɗe ƙafa, Bah mawaƙi," in ji Kyrshan. "Ko giyar ma a hankali kake so a sa ta?"

"Kai dai ja mota, Shan. Har yanzu hannunka bai koyi tausayi ba."

Wata mai kayan miya a baya ta leƙo. "Kai, ba kai ne mai waƙar nan ba? Ɗan nan, ka sa ni kuka a gaban kishiyoyin kasuwa, har aka ɗauka tumatir ne ya faɗi. Direba, sa mana ita mana."

"Rediyon ta lalace, Kong."

"Ta lalace ko mai ita ya lalace?"

Mata suka kwashe da dariya. Kyrshan ya ja mota. Sai da suka cije a cunkoso ya ce, idonsa a kan gilashi, "Gobe Asabar."

"Na sani."

"An ce za ka hau Polo a Disamba. Wa zai riƙe maka ganga?"

Dapbor ya kalli ruwan da ke gangarowa. "Babu ganga, Shan."

"A wasan?"

"Gaba ɗaya. Tun muna yara nake ihu a kan gangarka, ban taɓa jin abin da nake faɗa ba. Yanzu na ji, mutane ma sun ji. Ba zan iya komawa ba."

"To ai da ka faɗa, in daina goge maka makirfo."

"Kunya ce ta hana ni."

Da suka iso inda zai sauka, Dapbor ya zaro ƙullin irin goronsu na nan daga aljihu, naɗe a ganye da farar ƙasa, irin wanda ake miƙa wa baƙo in zai tafi. A garin nan ko wanda kuka yi shari'a da shi ya miƙo maka, ba ka mayarwa. Kyrshan ya karɓa. Bai ci ba, ya aza shi a gaban mota, ransa a ɓace, ya kuma san babu wanda zai kai ƙara wurinsa.

Washegari da safe ya ajiye makullin ɗakin ƙasa kusa da kofin shayin matarsa.

"Ki shigar da dankalinki. Ki dai bar wa gangunan lungu ɗaya."

Kong Phida, wadda ta shekara da shekaru tana jiran wannan makulli, ba ta taɓa shi ba. Ta bi shi da ido har ya tayar da mota.

Direbobin tasha suka yi ta tsiya, wai yau Asabar ta ga baƙo. Mota ta cika nan da nan. Wata mai jinya ta zauna gaba, ta tambaya ko za ta iya haɗa wayarta da rediyo. Ya ce ta haɗa. Muryar Dapbor ta fito a hankali, waƙar mutumin da ke jiran ruwa ya ɗauke. Motar ta yi tsit, ko kwandon kaji da ke baya bai motsa ba. Karo na farko ke nan da Bah Kyrshan ya ji ta har tsakiya, kuma dole ya yarda waƙa ta yi. Bai san lokacin da yatsunsa suka fara ba. Ya samo inda ya kamata ganga ta shiga, ya sa mata, dama da hagu, ƙafa na amsawa, ya ji kamar yana ɗakin ƙasa.

Mai jinyar ta taɓa hannunsa.

"Bah, don Allah ka bar bugun nan. Muna ji ne."

Ya bari. Ya kwantar da hannayensa a kan wuraren nan biyu da suka ƙoƙe, ya riƙe sitiyarin har waƙar ta ƙare. Cunkoson bai motsa ba.