Kambai da Robar Zaman Inji

Ka taɓa sunkuyawa ka duba a kan me injin motarka yake zaune? Yawancin direbobi ba su taɓa ba. Ni ma sai da na shekara biyar ina riƙe da sitiyari ban duba ba, har jahilcina ya kusa raba wani dattijo da sana'arsa.

Sunansa Kambai. An haife shi a wani ƙauye a gindin duwatsun Kagoro, ya shigo Kafanchan a ƙafa yana saurayi, ya kama aiki a loko, inda ake gyaran kawunan jirgin ƙasa masu cin gawayi. Shekara ashirin da shida ya yi a can. Goma sha ɗaya daga ciki a cikin tukunyar jirgi ya yi su, shi da guduma, kuma wannan aiki ba ya barin mutum da kunnuwansa biyu. Lokacin da ya yi ritaya a 1972, na hagu ya mutu murus, na dama kuma sai an ɗaga murya. Ya ɗauki akwatin sifanarsa ya kafa benci a gindin wani mangwaro bayan tashar mota. Gajere ne, mai faffaɗan kafaɗa, kullum cikin shuɗin kakin reluwe da ya koɗe. Ƙarfe bakwai yake buɗe akwati, ƙarfe biyar ya rufe, ran Lahadi kuma ko motar gwamna ce sai ta jira Litinin. Duk safiyar da na wuce nakan ƙirga motocin da ke gindin mangwaron: biyar, shida, wata rana takwas.

Kafanchan ta lokacin ba ta bukatar agogo, kukan jirgi ya ishe ta. Ni dai ina da nawa a hannu, don ni mutum ne mai son sanin adadin komai. Bartholomew ne sunana, a tasha Batolo. Ina jan Fijo 404 doguwa mai ɗaukar mutum bakwai, Kafanchan zuwa Kachia. Na san ramukan hanyar, ɗari biyu da goma sha biyu ne da rani. Na san gadoji da kwalbati. Tafiyar tana cin awa biyu ba minti takwas, kuma wannan ne yake hana ni sakat.

A 1976 na samu injin 504 daga wata mota da ta kife a wajen Jere, aka ɗora mini a Kaduna. Mota ta zama doki. Amma a cikin mako bakwai robar da injin yake zaune a kanta, wadda makanikai ke kira injin-sit, ta yage sau uku. A na ukun injin ya zame har fanka ta yanki lagireto, na bar fasinja a rana a kusa da Zonkwa. Sai na yanke wa kaina hukunci: tunda roba mai laushi tana yagewa, a sa wadda ba ta san laushi ba. Na je wurin 'yan gwangwan na tsinto wasu curin baƙar roba da aka cire daga tsoffin taragu, masu tauri kamar dutsen niƙa, na zube su a gaban Kambai.

Ya ɗauki ɗaya ya danna da farcen babban yatsa. Farcen ne ya lanƙwasa.

"Wannan na tarago ne," ya ce. Da ƙarfi yake magana, kamar duk wanda ba ya jin muryar kansa. "Tarago yana ɗaukan shanu da gyaɗa. Kai mutane kake ɗauka."

"Baba, a sa shi ko'ina!" na ce a kunnensa na dama. "Biyu a inji, ɗaya a giya, shida a bushin na ƙafafun mota. Wuri tara!"

"A'a."

Sau uku ya ce a'a, sau huɗu na ce i. Daga ƙarshe ya ɗaga kafaɗa.

"Motan ka ne, ɗana. Amma in ya yi maka rawa kada ka ce ni na kaɗa ganga."

Ban tsaya ganin aikin ba, sauri nake. Na dawo bayan kwana biyu na ɗauki mota.

Ranar kasuwar Kachia na cika ta da fasinjana na kullum. Mama Afiniki, shugabar zumuntar mata a cocinmu, tana gaba da kwandon ƙwai dozin goma a cinya. Dije, Bafillatana daga rugar da ke bayan gada, tana baya da ƙwaryar kindirmo. Tun a tasha madubi ya fara kyarma. Da muka hau hanya, sitiyari ya zama kamar an ɗaura shi da tayar, ko kwana na sha motar ba ta kwanciya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Awa ɗaya da minti talatin da ɗaya muka isa. Na duba agogo sau biyu.

Sai na waiwaya. Ba wanda yake murna.

"Batolo," in ji Mama Afiniki, "mota ka ɗauko mu ko injin niƙa? Haƙorana duka sun gaisa da juna."

Ta buɗe kwando. Ƙwai arba'in da bakwai sun fashe, ruwansu ya bi zaninta na zumunta. Dije ta ɗaga faifan ƙwarya ta leƙa, ta nuna mini.

"Direba, ka kaɗa mini nono ban sa ka ba. Ga mai ya tashi. Wa zai sayi kindirmo da ya koma tsala?"

Da na dawo gida na zagaya motar: noti goma sha ɗaya sun kwance, salansa ta tsage, madubi yana hannun wani fasinja.

Labari ya riga ni zuwa tasha. Meshak, abokin hamayyata a layin Kachia, yana kan benci yana shan rake.

"Ango na ƙwai!" ya yi kira. "Wa ya yi maka aikin nan?"

"Baba Kambai."

"To ai shi ke nan! Ka kai mota wajen kurma. Mutumin da ko jirgi ya yi kuka a kansa ba ya ji, shi zai ji inji? Ya tsufa, a bar shi ya huta."

Aka kwashe da dariya. A nan ne ya kamata in ce ni na kawo robar, ni na matsa, ya ƙi har sau uku. Ban ce ba. Dariyar ta sauka daga kaina ta koma kan wani, na ji sanyi.

Daga nan na ci gaba da ƙirga motocin gindin mangwaro, amma ta nesa, don na daina bin ta wurin. Makon farko huɗu. Na biyu, biyu. Na uku ba ko ɗaya, sai Kambai a kan benci yana goge sifanar da ba ta yi datti ba. Ni kuma na sa an mayar mini da roba mai laushi a wani gareji, ina lallaɓa motar kamar mai ciwon baya.

Ran Lahadi bayan sujada matarsa, Mama Beatrice, ta tare ni a ƙofar coci. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi.

"Bartholomew, bayan Kirsimeti za mu koma ƙauye. Baban ka ya ce tunda Kafanchan ya ce shi kurma ne, gona ba ya bukatan kunne." Ta gyara ɗankwali. "Na tambaye shi wa ya kawo roban nan. Ya ce makaniki ba ya tona asirin mai mota."

Saura kwana goma sha tara Kirsimeti. Ran Litinin ƙarfe bakwai ina gindin mangwaro.

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Haƙuri ba ya ɗaure noti. Asabar ka kawo motan. A tasha, ba nan ba. Ka zo da kaya, ka zo da mutanen ka duka bakwai. Ba a gwada jaki ba kaya."

Shawo kan Mama Afiniki ya ci mini zuwa uku gidanta. Dije ta yarda da sharaɗin a ba ta kujerar gaba.

Asabar da hantsi Kambai ya iso tasha da akwatinsa, da tsohuwar tayar babbar mota a kafaɗa, da wata busasshiyar sandar maɗaci, tsawonta kamu biyu. Direbobi suka taru, da yawansu don su yi dariya. Na ƙirga mutum ashirin da uku.

Ya yanka tayar gida biyu a gabansu: tsakiyar da take taka ƙasa, mai tauri, da gefen da yake lanƙwasa, mai laushi. Kowane yanki sai ya danna shi da farce ya ce in ƙirga har shaidar ta ɓace. Wanda shaidarsa ta ɓace kafin in ce biyu ya ajiye dama, wanda ya kai huɗu ya ajiye hagu, wanda ya wuce shida ya jefar, ya ce ya mutu. Sannan ya jera su hawa-hawa tsakanin faranti biyu na ƙarfe, ya huda, ya ɗaure.

"Inji in ka taka masa totur, kwanciya yake yi gefe ɗaya," ya ce wa taron. "Yana danne ƙafa ɗaya, yana jan ɗayan. Ƙafa biyu, aiki biyu. Don me za ka ba su takalmi iri ɗaya?"

Gefen da ake dannewa ya sa masa hawa uku masu tauri, ɗaya mai laushi. Ɗaya gefen biyu da biyu, da dogon ƙarfe ta tsakiya don kada ya rabu. Giya ta samu mai laushi. Bushin na gaba ya ba su tauri don sitiyari ya ji magana, na baya ya bar su da sauƙi saboda bayan tsofaffi.

Da ya gama ya sa aka ɗora buhun citta uku, fasinja bakwai suka shiga, na tayar da inji. Sai ya yi abin da ban taɓa ganin wani makaniki ya yi ba. Ya ɗora kan sandar nan a jikin motar, daidai inda robar take zaune, ya ciji ɗaya kan da turamen haƙoransa, ya rufe ido.

Meshak ya fashe da dariya. "Yau Baba zai ci mota!"

Kambai bai ji ba. Ya yi mini alama da yatsa in taka, in saki, in taka. Ya cire sandar ya sunkuya ya sassauta noti ɗaya rabin zagaye. Ya sake cizo. Ya koma ɗaya gefen ya zare hawa ɗaya ya musanya. Sau bakwai ya yi haka. A na bakwai madubi ya tsaya cak, har ina ganin fuskar Mama Afiniki a ciki tana harara ta.

Sai ya goge kan sandar da rigarsa ya miƙa wa Meshak.

"Kai mai kunne biyu, zo. Ciji a jikin inji tukuna."

Meshak ya cija ya zabura ya kama haɓa. "Yesu! Har cikin ƙwaƙwalwa!"

"Yanzu a jikin mota."

Ya cija, ya daɗe. "Kamar mage tana barci," ya ce a hankali.

"Abin da ya ɓace tsakanin biyun, shi roba ya shanye. A loko muka koya. Wanda tukunya ya cinye masa kunne, da haƙori yake ji." Ya karɓi sandarsa. "Naka motan ma na ji shi tun da ya shigo, ta tafin ƙafa na. Roban ka na hagu ya yage."

Aka ruga aka buɗe bonet ɗin Meshak. Na hagu ya yage.

Ban jira wani lokaci ba. Na hau kan benci na faɗa musu duka: robar tarago tawa ce, wuri tara ni na lissafa, dattijon nan ya ce a'a sau uku, kuma ranar da ake masa dariya ina tsaye na yi shiru. Sai da na maimaita da ƙarfi don shi ma ya ji.

"Sauko kafin ka karya musu benci," ya ce.

Mama Afiniki ta leƙo ta taga. "Wa'azin ya isa, Batolo. Ƙwai ne alƙali. Mu je."

Awa ɗaya da minti talatin da takwas muka yi. Na rasa minti bakwai a kan wancan gudun na hauka, har yau kuma ban yi kewarsu ba. A Kachia ta ƙirga ƙwanta ɗaya bayan ɗaya a gabana, ɗari da ashirin, ba ko tsaga. Dije ta buɗe ƙwarya, ta girgiza kai, ta ce kindirmon bai ma san an yi tafiya ba.

Ran Litinin motoci tara na ƙirga a gindin mangwaro, ta Meshak ce a gaba. Kirsimeti ta zo ta wuce, Mama Beatrice ba ta ɗaure kaya ba. Robar da ya yanka mini ta yi shekara uku da wata biyu ba ta ce uffan ba. Shi kuma ya ci gaba da buɗe akwati ƙarfe bakwai har ƙarshen 1979, sannan ya koma ƙauye da ƙafarsa, a lokacin da ya ga dama. Da na je ban kwana na tarar ya rarraba sifanarsa, amma sandar tana cikin jakarsa, kanta duk shaidar haƙori. Yanzu roba a kwali take zuwa, iri ɗaya ga kowa, ba mai tambayar me kake ɗauka, ba mai tambayar wace hanya kake bi.

Kai da kake karanta wannan, in kana da mota, nemi busasshiyar sanda mai tsabta. Ka ja birkin hannu, ka tayar da inji, ka nisanci fanka da bel. Ɗora sandar a jikin inji ka cija a hankali, sannan ka ɗora ta a jikin motar kusa da robar ka sake cizo. In ka ji bambanci mai yawa, robarka tana aikinta. In duka biyun sun kaɗa maka haƙori daidai wa daida, kada ka ɗauki mai ƙwai sai ka gyara. Gwada gobe da safe, minti biyu ne.