Godiyar da Na'Allah Ya Riƙe

Shekara arba'in da ɗaya Na'Allah ya yi yana ɗinke bakin buhunan albasa a Kasuwar Ose Okwodu ta Onitsha. Mutumin ƙasar Malumfashi ne, Kirista, cikin waɗanda suka yi karatu a makarantar mishan tun zamanin da maganar mutum ita ce rantsuwarsa. Kullum basilla a hannu, waƙar yabo a baki.

A watan Yuni na 2021 'yarsa tilo, Rahila, ta rasu wurin haihuwa, ita da jaririn. Matarsa kuwa ta daɗe da rasuwa.

Alhaji Idi mai albasa, amininsa, ya zo gaisuwa.

"Malam Na'Allah, ya haƙuri?"

Kowa ya san amsar: da godiya. Na'Allah ya buɗe baki, ya rufe.

"Ana nema," ya ce.

"Tsoho, kalma biyu ce fa. Ta fi buhu nauyi ne?"

"Kai zan iya faɗa maka, Idi. Amma Shi yana ji."

Na'Allah dattijo ne a 'yar majami'ar Hausawa da ke garin, kuma shi yake jagorantar addu'ar godiya ta kaka kowace shekara. Da lokaci ya zo, ya sami fasto.

"Ina ƙaunar Ubangiji, Fasto, amma ban gode ba tukuna. Ba zan ɗinke bakin buhun da ba kome a ciki in miƙa masa ba."

Ya bar kujerar dattawa, ya koma bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Lahadi ɗaya bai taɓa fashi ba. Wasu suka ce ya ja da baya. Tsoronsa ɗaya ne: kada mutuwa ta riga godiyar isowa.

Bayan shekara uku ciwo ya kwantar da shi. Wata Talata da hantsi Idi ya kawo masa kunu.

"Sake yi mini tambayar nan," in ji Na'Allah.

"Wacce?"

"Ta zaman makoki."

Idi ya ajiye kwanon. "Ya haƙuri?"

Na'Allah ya dubi rufin ɗaki.

"Da godiya. Ba ta cika mudu ba, Idi. A kan shekara talatin da biyun da Ya ara mini Rahila ne kawai. Sauran ban samu ba."

Ranar Alhamis ya cika. Ba shi da dangi a Onitsha, sai Idi ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin ya karɓi gaisuwa, tasbaha a hannu. 'Yan coci da 'yan kasuwa suka yi ta zuwa suna cewa, "Alhaji, ya haƙuri?"

Idi ya dubi basillar da ke soke a jikin ƙyaure.

"Ana nema," ya ce.