Ɗigon da Ya Fitar da Ni Daga Sahu

Har gobe ba zan manta da ranar da ruwan gwajin Dakta ya ɗiga a hannun rigata ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a wani ɗakin gwaji a Sakkwato, kullum daga Boɗinga nake zuwa. Ilimina bai wuce firamare ba, aikina wanke kwalabe ne.

Dakta, matar da nake aiki ƙarƙashinta, tana shimfiɗa abin da ake kira DNA a kan 'yan faranta masu rufin zinariya. Sai na'ura ta haska su, hasken da ya dawo ya zana layuka a kwamfuta, ta gane yadda abin ya kwanta. Ido ba ya ganinsa. Na dai ji ana cewa DNA yana cikin jini da duk abin da ke fita daga jikin halitta.

Nan hankalina ya tashi. Jinin wa? Ko najasa ce? Abin da ban gani ba, ina zan san ya wanku? Na wanke rigar, na sake wankewa, zuciyata ba ta kwanta ba. Na daina shiga sahu, don kada in shafa wa wani. Sai an watse in yi sallata ni kaɗai, in rama, in sake ramawa. Malaminmu yana Shagari, amma ban san yadda zan kwatanta masa abin ba. Makwabta suka ɗauka girman kai ne, gaisuwa ta ragu. Haka damina ta wuce.

Wata Alhamis Dakta ta same ni ina dirzar hannu har ya yi ja.

"Malam Ummaru, fatar za ka cirewa?"

"Ranki shi daɗe, wanga abu jinin wa ne?"

Ta yi dariya, ta dube ni, sai ta daina. "Ba na kowa ba ne. A masana'anta anka haɗa shi daga sinadarai. Mi ya hana ka tambaya?"

"Ban ga wanda zan tambaya ba."

Ta ce, "Mu ya kamata mu faɗa maka."

Masu bincike ba mugunta gare su ba, mantawa suke yi cewa mai wanke kwalba ma da tunaninsa yake komawa gida. Ku da kuka shigo bayanmu, ku tambaya tun ranar farko.

Washegari na shiga sahun Juma'a. Da kafaɗar wani ta taɓa tawa, ban janye ba.