Makullin Gidan Al-Sadd

Har yau in na bi ta unguwar Al-Sadd, a nan ƙasar Larabawa, a bas na hango benen nan mai ruwan ƙasa, sai in kawar da kai. Shekara huɗu na yi a hawa na biyu, a gidan da muke kira gidan 'yan'uwa, inda 'yan matan Arewa masu karatu a jami'a suke zama. Ɗaki uku ne da falo, gado tara. Ni na san yadda aka yi gidan ya samu, domin daga bakin wadda ta kafa shi na ji.

Mama muke ce mata. Nas ce, Kirista 'yar Kagoro, tana aiki a wani asibiti kusa da mu. Tun kafin zuwanmu, wata rana ta tashi daga aiki ta tarar da 'yan mata biyu 'yan Kano zaune kan akwatunansu a bakin titi. Ɗakunan kwanan jami'a sun cika, an ce su dawo bayan wata guda. Hausar da ta ji suna yi ce ta tsayar da ita, ta kwashe su ta kai falonta. Biyu suka zama biyar, har ta gaji da tsallake ƙafafu, ta roƙi mai benen ya bar su, ita ta koma gidan ma'aikatan asibiti. Da azumi ma ba ta fasa aiko mana da kunun gyaɗa a filas ba.

Ka'idar gidan guda ɗaya ce tun daga ita. Wadda ta gama karatu ita ke zaɓar mai gadar gadonta, a tuƙa tuwo, ta miƙa mata makulli hannu da hannu, ba mai tambayar dalili. Haka aka ba ni nawa. Sai da muka waye, mu 'yan boko, muka ce baki ba ya riƙe gida, sai an rubuta tsari an kafa kwamiti. Wallahi da hannuna na buga takardar, har da layin da ya ce sabuwa ba ta shiga sai kwamiti ya amince. A lokacin gani nake na yi abin kai.

Shekarar da zan fita, 'yar ƙanwar Mama, wadda ita ta raine ta, ta samu gurbi a jami'armu, ɗakunan kwana kuma sun sake cika. Mama ba ta roƙe ni ba. Ni na je na ce mata khalas, magana ta ƙare, gadona na yarinyar ne, ta daina neman wuri.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka zauna a falo kan maganar yarinyar. Shugabar kwamiti, wadda ni na ɗauko ta daga filin jirgi tana kukan kewar gida, ta gyara zama ta ce, “Anti, ba ƙin ta muke yi ba. Tsarin gidan ne ba zai dace da ita ba.” Ta shiga lissafo tashin asuba, da karatun daren Juma'a, da abin da iyaye za su ce a gida in sun ji. Wata ta ƙara da cewa ai su ma Kiristoci suna da mutanensu a coci.

Raina ya ɓaci. Na ce musu falon da suka baje a ciki suna yanke hukunci falon wa ne? Na ba su labarin akwatuna da bakin titi tun daga farko, na ce kaza ma da ke ci ta goge baki ba ta kori mai hatsi ba. Na kira su butulai, kuma har gobe ban janye ba. Shugaba ta bari na gama tsaf, sannan ta ɗauko takarda ta karanta mini layin da na buga. Aka ɗaga hannu. Mu uku, su shida.

Washegari na je asibitin na samu Mama a lokacin hutunta tana cin biredi da shayi. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗa, don kunya ta hana ni kallon idonta. Ta daɗe tana juya cokali. Ta ce ba komai, akwai wata abokiyar aikinta a unguwar Nu'aija, ƙila ta samu katifa a can, sai dai yarinyar za ta sha bas biyu kullum. Na tashi zan tafi, ta kira ni.

“'Yata, wadda za ta hau gadon nan, ki ce ta ja shi nesa da bango. Iyakwandishan ɗin ɗakin yana ɗiga lokacin zafi.”

Ƙanwar shugaba aka ba gadon. Ban gaya mata ba, na bar ruwan ya jiƙa ta.