Rediyon Kawu Sale

A ƙauyenmu da ke gefen Safana, da an idar da sallar isha sai mu kewaye murhu, kakarmu Inna Tabawa tana gasa gyaɗa tana ba mu tatsuniya. Duk mun haddace nata, amma wata shekara ta zo da wata sabuwa da ta ɗaure mana kai.

Wai wani baƙo ne ya zo da saƙo daga ƙasar da rabin ludayi ke ƙosar da mutum. Masu masaukinsa, mutanen kirki, suka dama masa fura ƙwarya guda, suna ta cewa ya sha. Ya ji kunya ya shanye, ya faɗi matacce bai faɗi saƙon ba.

"To Inna, wa ke da laifi?" muka tambaya.

"Ni ma abin da nike tambaya ke nan," in ji ta.

Haushi ya kama ni. Wace irin tatsuniya ce babu mugu a cikinta?

A shekarar ne autanta, Kawu Sale, da ke ɗinki a Jidda, ya aiko mata da rediyo da kaset ɗauke da muryarsa. Rediyon ba ya cin batir, mu kuma ba mu da lantarki, sai aka kai shi Batsari gidan Malam Hamisu, wani malamin makaranta. Kan wayar haƙora biyu ne masu faɗi, wurin jona wuta a bango kuwa rami uku. Malam ya yanke kan, ya cusa wayoyin ya tokare da tsinken ashana, yadda kowa ke yi. Muka ji "Salamu alaikum, Inna", sai hayaƙi da ƙauri.

Kaset ɗin bai yi komai ba. Maƙwabta suka yi ta kawo rediyonsu, Inna ta ƙi.

"Wutar da ta ci ƙarfe, muryar ɗana za ta bari?"

Aka ce mata nasu na batir ne. Ta ce batir ma ai wuta ce. Ta naɗe kaset ɗin a zane, ta ce sai Sale ya dawo. A can Allah Ya yi masa rasuwa.

Bayan shekaru, da zan tafi Umara, wani mai shago a Katsina ya sayar mini da adafta ta jona waya a bango, ya gargaɗe ni cewa baki kawai take gyarawa, ƙarfin wuta sai na duba bayan na'ura, don wasu na'urorin can rabin tamu kawai suke ɗauka. Nan na gane baƙon da furarsa: rediyon ne da wutarmu. Abin da har yau ban gane ba shi ne ko Inna tsoron wuta take, ko tsoron ta ji ya ce ba zai dawo ba.

Bayan rasuwarta muka sa kaset ɗin. Zafi ya riga ya manne zaren, ko sallamar ba ta fito ba.