Daminar da Kurkunu Ya Raba Ni da Tabki

Ƙauyenmu yana kusa da Tibiri, a bakin fadamar Gulbi. Da rani wurin fako ne, awaki ke yawo a cikinsa. Idan damina ta kankama sai ya zama tabki mai faɗi, ruwansa jaja-jaja, gajimare kwance a kansa. A nan muka koyi iyo, a nan kuma samari ke tsere bayan an taso daga gona, daga saiwar wata kanya zuwa gindin goribar da ke tsallake. Tseren gajere ne, na ƙarfin tsiya. Wanda ya cika ɗaga kai yana shan iska an bar shi a baya.

Ni ne na saba fara taɓa goribar. Mai bi mini kullum shi ne ɗan kawuna, taubashina, dogo mai yawan dariya.

A shekarar da aka ce Nasara sun miƙa mulki, ruwan farko bai daɗe da sauka ba wani ƙurji ya fito mini a idon sawu, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Kakata ta duba, ta ce, "Maigida, kurkunu ne. Bana kai da tabki sai kallo." Haka take kirana, maigida, da wasan kaka da jika.

Kullum da safe takan naɗe farar tsutsar da ta leƙo daga ƙurjin a jikin tsinke, ta ja kaɗan, ta bari. Ba a gaggawa, don in ta tsinke ƙafar ta kumbura. Kafin wannan ta gama fita wata ta ɓullo a gwiwa. Nakan wuni a tabarma ƙarƙashin tsamiya, ina jin ihun 'yan tsere daga nesa. Masu dawowa daga kasuwar Cadakori suka yi ta ba da labarin sabuwar tuta da kiɗan da aka yi a Maradi, ni dai kamar a cikin ruwa nake jin maganarsu. Idan barcin rana ya ɗauke ni, sai in ga gero ya zama tabki, ina iyo a kan zangarniya, ba na ko numfashi, goribar tana tahowa wurina da kanta. Wani lokaci in farka hannuna yana jan iska.

Na warke bayan an yi girbi, lokacin tabki ya koma laka. Rani ya zo ya wuce.

Da ruwa ya dawo, ranar farko na tsaya a saiwar kanya cike da alfahari. Taubashina ya dubi siraran ƙafafuna ya ce, "Tsohon sarkin ruwa, in riƙa maka hannu?"

"Riƙe bakinka dai," na ce.

Aka tafa, muka faɗa. Abin mamaki, jikina bai manta komai ba. Hannu ya san inda zai shiga, kai ya san lokacin juyawa, har na ga na wuce kowa. Amma muna kaiwa tsakiya sai ƙirjina ya ɗaure. Kafaɗuna suka yi nauyi kamar na ɗauko damin gero, ruwan da a da yake buɗe mini hanya ya zama kamar kunu. Ina jan sa, yana zamewa tsakanin yatsuna. Ɗaya bayan ɗaya suka wuce ni, har da ƙananan da na koya wa iyo. Na juya rigingine na bar ruwa ya riƙe ni, ina kallon balbelu suna ratsa sama a hankali.

Da na fito, taubashina bai yi dariya ba. Ya zauna kusa da ni ya ce, "Kowace shekara mu ma haka muke ji a ranakun farko, rani yana cinye mana numfashi. Kai naka rani biyu ne a haɗe."

Daga ranar muka riƙa zuwa da hantsi mu biyu, kafin sauran su taso. Mu yi rabin tabki da ƙarfi, mu huta, mu sake. Numfashi ne ya fara dawowa. Wannan zabura ta ƙarshe kuwa, wadda a da nake yi dab da goriba ba tare da tunani ba, ita ta ƙi zuwa da wuri. Wata rana ta zo, kashegari in neme ta in rasa.

Sai da gero ya fitar da kai na sake shiga tseren yamma da gaske. Muka isa tsallake tare da taubashina, ruwa ya rufe mana ido, ba wanda ya san hannun da ya riga. Samari suka rabu biyu suna gardama. Ana cikin haka wani Bafillace ya gangaro da shanunsa shan ruwa, muka ce ya raba mu, tunda daga tudu ya gani.

Ya jingina da sandarsa, ya daɗe yana dubanmu, sannan ya ce shi shanunsa yake kallo. Muka kwanta a kan yashi mai ɗumi muna haki, muna dariya, har aka kira magariba.